Ragowar Kwanon Baba Alago

A Iseyin, in ka tambayi gidan Salawu Oyelakin, sai an yi ta kallon juna kafin wani tsoho ya tuna. Amma ka ce Baba Alago, wato mai agogo da Yarbanci, ko ɗan acaɓar da ya shigo garin jiya zai kai ka bakin rumfarsa, can kusa da inda masaƙa suke shanya zare. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana gyaran agogo a wurin, har zamani ya juya masa baya, kowa ya koma duba lokaci a waya. Bai rufe rumfar ba. Kullum yana zuwa ya goge teburi, ya maƙala gilashinsa na duba cikin agogo a ido ɗaya. In an kawo agogon masallaci ko na wata tsohuwar malamar makaranta ya gyara, in ba a kawo ba ya buɗe nasa ya sake rufewa.

Mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi, amma na abubuwa, ba na mutane ba. Yana yaro ya kwance rediyon ubansa don ya ga mutumin da yake magana a ciki, ya sha dukan da har ya tsufa yana ba da labarinsa, bai kuma daddara ba. Kwaɗon ƙofa, tocila, keken ɗinkin maƙwabciya, duk abin da yake motsi sai ya san abin da yake motsa shi. Gidansa ne kawai bai taɓa tunanin leƙa cikinsa ba, don a ganinsa abin da yake tafiya daidai ba a kwance shi.

Matarsa Nimota, wadda kowa yake kira Iya Wura da sunan 'yarsu ta fari, ita take tafiyar da gidan. 'Ya'ya biyar ta haifa, huɗu suka rayu, duk sun watse, wasu Ibadan wasu Ikko. Tsarin cin abinci kuwa bai sauya ba tun ranar da aka kawo ta. In ya dawo da azahar ta tuƙa amala, tuwon garin doya, ta kai masa falo da miyar lalo da ta wake, ta durƙusa ta ajiye, ta fita. Ya ci shi kaɗai yadda ubansa ya ci, ya bar ragowa da tsoka ɗaya ko biyu a gefe, don magidancin da ya suɗe kwano tas an san ba a gidan mutunci ya tashi ba. Ita kuma ta ɗauke ta koma bayan gida wajen murhu, ta ci ita da yara. Da yaran suka girma jikoki suka maye gurbi. Ta ƙarshensu, wata 'yar baki da ake kira Ajoke, iyayenta suka zo suka ɗauke ta shekara biyu da suka wuce, wai makarantar Ikko ta fi.

Tun daga nan Iya Wura ta fara zubewa. Ba ciwo ba ne da za a nuna da yatsa. Awarwaro ne ya fara zamewa har gwiwar hannu, zani ya yi mata yawa, matar da in tana ciniki ana jin muryarta daga layin masu barkono ta koma sai ka matso kafin ka ji. An kai ta asibiti sau biyu, aka auna jini aka auna fitsari, aka ce ba a ga komai ba. An karɓo rubutu wajen Alfa, malamin unguwa, an dafa saiwoyi, Wura ta turo gwangwanayen madara daga Ikko. Baba Alago yana ganin duk wannan, tsoro kuwa ya cika masa ciki, tsoron da bai gaya wa kowa ba. Ya sakankance matar nan tafiya take yi a hankali, za ta bar shi a gidan nan shi kaɗai. Sai ya yi abin da yake ganin shi ne iyakar kulawa, ya rage cinsa. Da tsoka biyu yake bari, yanzu ya koma barin duka, ya taɓa amalar sama-sama ya ture kwano, don ta samu abin kirki ta ci.

Ana cikin haka masu bincike suka shigo gari. Daga wata jami'a suke a Ibadan, suna son su san yadda tsofaffi suke gudanar da wuninsu da abin da hakan yake yi wa jikinsu da zukatansu. Gida-gida suke bi da ma'aunin nauyi da na hawan jini da doguwar takardar tambayoyi. Tsofaffin unguwa da yawa sun karɓe su da fara'a don sun zaci gwamnati ce za ta yi rabo, da suka gane tambaya ce zalla sai fara'ar ta ragu. Baba Alago kuwa kamar an yi masa bushara. Wadda aka ba layinsu wata siririyar budurwa ce mai tabarau, Ibironke, ta kuwa saye shi tun a bakin ƙofa da ta kai gwiwa biyu ƙasa ta gaishe shi. Kafin ta yi masa tambaya ɗaya ya yi mata bakwai, har da roƙon ta bar masa na'urar hawan jinin ta kwana ya ga cikinta. Ta ce ai sai a kore ta daga aiki.

Tambayoyin nata suka ba shi mamaki. Shi ya zaci za a tambaye shi ciwon baya da fitsarin dare, sai ya ji ana tambayar sau nawa ya yi dariya jiya, da wa ya yi hira, da ƙafa yake zuwa masallaci ko a babur.

Ta ce, "Baba, da wa kuka ci abinci jiya?"

"Da hannuna na dama."

Ta yi dariya ta rubuta. "Shekaranjiya fa?"

"'Yata, tun ba a haifi ubanki ba nake ci ni kaɗai. Ni baƙo ne a gidana da za a zauna a tsare ni da ido? To wannan ma me ya haɗa shi da hawan jini?"

Ta ce abin da suka zo nema ke nan, su ma ba su sani ba tukuna. Amsar ta yi masa daɗi, don yana ganin girman mutumin da zai ce bai sani ba. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne da aka zo kan Iya Wura. Ya jawo kujera ya zauna zai taya ta amsa, yarinyar ta sake durƙusawa ta ce ya yi haƙuri, na Mama sai su biyu. Ya koma falo yana cika yana batsewa, wai a gidansa a kore shi kamar kaza.

Duk bayan wata uku Ibironke tana dawowa ta auna su ta yi tambayoyinta. Da shekara ta zagayo aka tara tsofaffi a wata makarantar firamare don a gaya musu abin da aka gano. Iya Wura ta ce jiri take ji, ba za ta iya zuwa ba. Baba Alago ya sa agbada, babbar rigarsa ta Juma'a, ya kama layin gaba, shi da amininsa Sunmonu masaƙi, wanda suka shekara hamsin suna dara suna zagin juna.

Wani likita mai furfura ya yi bayani da Yarbanci mai sauƙi. Ya ce a cikin waɗanda aka bibiya, masu takawa da ƙafa kullum sun fi barci mai daɗi. Masu abokin tsokana sun fi cewa ransu a sake yake, nan Sunmonu ya zunguri Baba Alago ya ce ya dinga gode masa. Sannan likitan ya ce tsofaffin da suke cin abinci su kaɗai sun fi cin kaɗan, sun fi rama, sun fi yawan cewa duniya ta fita ransu, ko da kuwa akwai abinci a gidan. Ya yi saurin ƙarawa da cewa ba su tabbatar wanne ne yake jawo wanne ba, sun dai ga abubuwan suna tafiya tare.

Baba Alago bai jira a ba da damar tambaya ba. Ya miƙe ya ce ubansa ya shekara casa'in yana ci shi kaɗai, ya mutu da haƙoransa. Shi ma ga shi nan. Ko dai na'urarsu ce take buƙatar gyara? Aka yi dariya, likitan ma ya dara, ya ce ba kowa abin yake kamawa ba. Wannan amsa ba ta ƙosar da shi ba, don haka da aka tashi ya tare Ibironke a bakin aji.

Ta ce, "Baba, ku ai ba ku kaɗai kuke ci ba. Akwai mai kawo muku, akwai mai jiran ku gama, akwai mai duba kwanon in an ɗauke. Wanda ake nufi shi ne wanda ko ya ci ko bai ci ba, ba mai sani. Amma ku ma fa kun rage kilo huɗu a shekarar nan."

Ya share zancen kilo huɗun, ya tambaye ta me Iya Wura take gaya mata in sun keɓe. Ta ce amana ce, ba ta da izinin faɗa, amma Mama tana gida, baki gare ta. Yarinyar nan akwai ladabi, akwai kuma taurin kai a ƙarƙashinsa.

A hanya Sunmonu yana ta surutu, shi kuwa magana ɗaya ce take yi masa yawo a ka: ko ya ci ko bai ci ba, ba mai sani. Ya shiga lalube a ransa yana neman rana ɗaya da ya ga Nimota ta kai loma baki. Ya tuna ta da ciki, ya tuna ta da goyo, ya tuna ta tana rawa ranar auren Wura. Yana tuna ta tana ɓare gyaɗa, tana ɗanɗana miya a tafin hannu. Amma a zaune da kwano a gabanta tana cin abinci, ya nema ya rasa. Shekara arba'in da shida da aure. Abin ya ba shi kunya, ya kuma ba shi mamaki, mamakin ma ya fi yawa.

Wani zai ce ai sai ya tambaye ta. Ya tambaya. Ya ce, Iya Wura kin ci abinci? Ta ce ta ci, ta gode. Haka take ce wa 'ya'yanta a waya, haka ta ce wa likitocin asibiti, in mala'ika ya sauko ma haka za ta ce masa. Saboda haka ya koma ga hanyar da ya sani. Washegari da aka kawo abinci ya zaɓi wata ganda mai kauri a cikin miya, ya ciro 'yar wuƙar aikinsa daga aljihu, ya yi mata tsaga a gefe, ya mayar ya rufe kwano.

Kashegari da azahar ga gandar nan a kwanonsa, da tsagarta. Ya ce wataƙila katari ne, ya ƙara mata tsaga ta biyu. Ta sake dawowa, ya yi mata ta uku. A rana ta uku ta yi laushi tsabar ɗumame, har tana neman narkewa, amma tsaga uku suna nan. Ya zauna yana kallonta, amala tana hucewa. Duk naman da ya shekara yana hana cikinsa, ashe daga kwanonsa yake komawa tukunya, daga tukunya ya dawo kwanonsa. Da ta fita ɗebo ruwa ya leƙa ɗakinta, abin da bai saba ba, ya tarar da gwangwanayen madarar Wura jere a ƙarƙashin gado, ko ɗaya ba a fasa ba.

Ragowar labarin wajen Sunmonu ya ji, a kan allon dara. Bai ma gama bayanin gandar ba Sunmonu ya kwashe da dariya har da tari.

"Kai Salawu, wallahi Allah ya yi ka da kai amma ya manta bai zuba komai a ciki ba. Ai matarka ta fi wata shida tana zuwa wajen tawa tana kuka. Wai ka daina cin abinci, ko ciwo kake ɓoyewa, ko hannunta ne ya lalace, ko wata mai tuwo ce a bakin kasuwa take cika maka ciki. Ta ce in ta ga kwanonka ya dawo a cike, ko ruwa ba ya wuce mata."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Zancen mata zan kwaso in kawo maka? Ka mai da ni me?"

Baba Alago ya ce to shi daga yau tare zai dinga ci da ita. Sunmonu ya ajiye 'ya'yan darar ya dube shi da kyau, ya ce ya dai yi tunani, gari zai ɗauka cewa an ba shi magani a miyar ganye, an shanye shi da tsufansa. Baba Alago ya ce in a shekara saba'in da uku ne za a shanye shi, ai an yi masa adalci, wasu tun a talatin aka gama da su, Sunmonu kuwa ya san wanda yake nufi. Sunmonu ya ce ai uban Salawu yake nufi, suka ci gaba da wasa.

Gwajin farko bai yi kyau ba, laifinsa ne kuma. Umarni ya bayar, don shi ya iya. Da ta durƙusa ta ajiye kwano ya ce ta wanke hannu ta zauna. Ta zauna a bakin kujera can nesa, hannaye a cinya, ido a ƙasa, kamar wadda aka kira gaban alƙali. Ya ce bismillah, ba ta motsa ba. Ya sake cewa, sai ya ga hawaye.

Ta ce, "Baba Wura, in laifi na yi ku faɗa mini. In kuma likitocin nan ne suka gaya muku kwanana ya ƙare, shi ma ku faɗa, ni ba yarinya ba ce."

Ya rantse ba ko ɗaya, ba ta yarda ba. Ta ɗauki kwanon ta fita, ranar ba wanda ya ci komai a gidan. Ya wuni a rumfa yana jin haushin kansa. Falon nan ita wurin durƙuso ta san shi, ba wurin ci ba, shi kuma ya zauna a kujerar mulkinsa ya kafa mata ido yana jira ta tauna. Ko shi aka yi wa haka ba zai iya haɗiya ba.

Washegari ya bari ta ajiye ta fita. Ya ɗan jira, sannan ya tattare rigarsa, ya ɗauki kwanon amala a hannu ɗaya, na miya a ɗaya, ya ratsa tsakar gida. Rabon da ya taka wajen murhun nan tun gyaran rufi. Ya same ta zaune a kan 'yar kujera, ta jingina da bango, tukunya a rufe, gabanta ba kwano ba cokali, sai kofin ruwa. Ba ta yin komai. Haka ke nan take zama kullum har ya gama, sannan ta je ta ɗauko ragowa ta juye a tukunya. Ganin haka ya fi masa gandar ciwo.

Ta zabura za ta miƙe, tana tambayar ko wani abu ne ya faɗa a miyar. Ya ce ta zauna. Ya kifa turmi ya zauna a kai, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ajiye kwanonin a tsakaninsu. Ta waiga wajen katanga ta ce maƙwabta za su gani, ya rufa mata asiri ya koma falo. Ya ce maƙwabta su hau katangar su kalla da kyau, ba kuɗin shiga. Sannan ya juya mata baya, ya fuskanci tulin itace.

"Ga shi ba na kallonki. Ni dai na gaya miki, in kin yi loma ɗaya in yi ɗaya. In ba ki yi ba mu zauna haka har la'asar, ni ba inda za ni."

Suka zauna. Kaza ta zo ta leƙa kwanon, ya kore ta da ƙafa ba tare da ya waiga ba. Wuyansa ya ƙage, turmin yana cin mazaunansa, ya fara tunanin ko wannan dabarar ma ta rushe. Can ya ji ta jawo ruwan wanke hannu. Ya ji murfin kwano. Ya jira kamar mai jiran tsuntsu ya sauka. Sai ya ji ta tsaya.

"Baba Wura."

"Na'am."

"Gishirin nan ya yi yawa. Wannan ai ba ta ciwuwa." Ta sake ɗanɗanawa. "Yau ne kawai, ko?"

Ya yi niyyar ya ce yau ne kawai. Amma ya gaji da irin wannan kirkin, shi ya kawo su inda suke. Ya ce tun bayan tafiyar Ajoke haka take.

 Matar da a da ake aiko a kira ta daga unguwa uku ta ɗora tukunyar biki, yau ita ce ta shekara biyu tana girki ba ta san ɗanɗanonsa ba. Ta tambaye shi ko shi ya sa ya daina ci.

"A'a. Ke nake bar wa."

"Ni kuma ku nake mayar wa."

Ya ji tana share hanci da bakin zani, sannan kujerarta ta motsa, za ta tashi ta sake wata miyar, wai ba za ta bari ya ci wannan abin kunyar ba. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juyo ba, ya kama gefen zaninta.

"Zauna, Nimota. Gobe kya gyara. Kin yi ɗaya, saura ni."

Ya lalubo kwanon ta gefe, ya yanko loma, ya dangwala a miyar mai gishiri ya haɗiye. Ya ce saura ita. Ta koma ta zauna, ta sa hannu.